Daren da Muka Tsere wa Hazo Muka Faɗa Hannun Gawayi a Dapango

Kwanakin baya ƙanena da ke zaune a Hamburg ta ƙasar Jamus ya turo mini bidiyo a WhatsApp. Dusar ƙanƙara ce ke sauka ba ƙaƙƙautawa, ta cinye tayoyin motoci, shi kuwa ya nannaɗe kansa kamar huhun goro, idanu kawai ake gani. Na yi dariya har da ƙwalla. Kafin ya kashe sai ya ce, "Yaya, tun shekaranjiya aka yi mana shela a rediyo. An barbaɗa gishiri a titi, an ce wanda ba shi da wata larura ya zauna a gida." Nan dariyar ta tsaya mini. Mu ma muna da tamu guguwar, ta ƙura da ɗari, wadda ba ta saɓa alkawari daga watan Nuwamba zuwa Maris. Amma ban taɓa ganin wanda ya ɗage tafiyar kasuwa saboda hazo ba. Mun saba da hunturu har mun raina shi, sabo kuwa turken wawa ne.

Shekara tara na yi a Sokode ta ƙasar Togo, a unguwar Didawure, ina hannun kawuna mai fataucin goro. Tsohon zango ne na fatake Musulmi, tun zamanin da ayari ke tasowa daga ƙasar Hausa ya bi ta Jugu ya nufi Gwanja, shi ya sa har gobe za ka ji Hausa tana gogayya da Kotokolanci a kasuwa. Garin yana da tsaunuka da itatuwa, damina tana yi masa kirki, don haka baƙo kan ɗauka hunturunsa na wasa ne. A shagon Kawu mu kan riga kowa sanin ya iso, domin goro ba ya shiri da busasshiyar iska. Da ka buɗe huhu ka ga ganyen ya fara ƙaƙas-ƙaƙas, goron ya fara yanƙwanewa, to aikin yayyafi ya same ka safe da yamma. Daga nan sai sauran alamu su biyo. Ruwan alwalar asuba ya koma kamar reza. Rana ta fito fara fat kamar faifai, ka dube ta ido da ido ba ta ce maka komai ba. Tsaunukan da ke kewaye da gari su ɓace. Layin mai koko da ƙosai ya ninka, kowa hannu a hammata, leɓe a tsage, ƙafa fari sol kamar an tsoma ta a toka.

Wannan ƙura tafiyayyiya ce. Mafi yawanta daga Bodele take tasowa, wani kwari a arewacin Cadi kusa da Faya-Larjo, inda tafkin Cadi ya taɓa mamayewa a zamanin da ya shuɗe kafin ya janye ya bar busasshen laka mai laushi kamar garin alkama. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Masana sun ce babu wani wuri guda a duniya da ke fitar da ƙura kamarsa, har wani kason yakan ƙetare tekun Atlantika ya sauka a dajin Amazon. Mu da ke kan hanya mu ke shaƙar kaso mai tsoka. Amfanin sanin haka shi ne hazo yana da sallama. In ɗan'uwanka na Kano ko Maraɗi ko Yamai ya ce yau ba sa ganin gabansu, kai na Dapango da Sokode ka fara shiri, naka na tafe.

Wani watan Janairu Kawu ya aike ni Dapaong, wanda mu 'yan zango muke kira Dapango, da huhu uku na goro. Tafiyar kusan kilomita 300 ce a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Lome ta dangana da Sinkase a bakin iyakar Burkina Faso. Motar ba ta cika ba sai bayan la'asar. Inna, matar Kawu, ta biyo ni har zaure tana cewa, "Kai yaron nan, dubi sama mana. Ka bari sai da safe." Na ce, "Inna, hazo ne fa kawai." Kalmar "kawai" ɗin nan ita ce ciwonmu.

Lokacin ba a yi wa Alejo hanyar kewaye ba, sai an ratsa ta tsagin dutsen nan da ke tsakanin Sokode da Bafilo, inda manyan motocin da ake kira titan suke rarrafe kamar kunkuru, yaran mota na biye da katakon tare taya a kafaɗa. Mun wuce shi da sauran haske. Muka yi magariba da isha a Kara. Bayan mun sauka daga tsaunukan Defale mun bar Kante, ƙasa ta miƙe shimfiɗe, a nan hazon ya nuna mana ko shi wane ne. Ga ƙura, ga hayaƙin wutar daji da aka cinna a gefen hanya, suka haɗu suka zama bango. Direbanmu matashi ne. Ya ƙure fitila, ita kuwa ta daki ƙurar ta dawo masa a ido, sai ya ƙara sunkuyowa kan sitiyari yana taka mai. Wani dattijo a gidan gaba ya ce, "Ɗana, sauke fitilar nan ƙasa, ka rage wuta. Ba a binmu bashin isa." Direba ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, hanyar nan a tafin hannuna take."

Ba mu yi nisa ba na ji taya ta taka wani abu, ƙaras. Reshen itace ne. Sai na biyu. Kafin kowa ya gane ma'anarsu, bayan titan ya tsaya a gabanmu baƙi ƙirin, ba fitila, ba alama mai ƙyalli, ta lalace a tsakiyar hannunmu an yi mata shinge da ganye. Direba ya murɗe sitiyari, muka gangara rami, motar ta kwanta a kan haƙarƙarinta. Salati ya kaure. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, amma wata mata ta karye a hannu, yaron mota ya zubar da haƙora biyu. Dattijon nan bai ce uffan ba, ya kakkaɓe rawaninsa ya koma gefe yana jan carbi.

Abin da ya gaya wa direba shi ne daidai, kuma duk mai riƙe sitiyari ya kamata ya haddace shi. A cikin hazo doguwar fitila makanta ce, gajera ake kunnawa. Gudunka kada ya wuce inda idonka ya tsaya: in taku ashirin kake gani, to ka yi tafiyar da birki zai kama cikin taku ashirin. Ba a wuce mota, ba a manne wa bayan wata don a ci arzikin fitilarta. In abin ya faskara, a sauka daga kwalta gaba ɗaya, a kunna fitilun gargaɗi, fasinjoji su fita su yi nesa da titi. Wanda motarsa ta mutu ya sani ganye ba ya haske da dare. Alamar nan mai kusurwa uku kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba. Masu babur, 'yan zemijan da sauransu, su ne suka fi shan wuya, domin ga ƙura a ido ga baƙar rigar sanyi da ke ɓatar da su cikin duhu. Hular kwano da riga mai haske ba ado ba ne. Mu fasinjoji kuma muna da laifinmu. Mu ne ke zuga direba da "yi sauri mu kama kasuwa", sannan in dattijo ya yi magana mu yi tsit mu bar shi shi kaɗai.

Wata motar ce ta kwashe mu, muka tsallake kogin Oti a Sansanin Mango, muka shiga Dapango wajen ƙarfe biyu na dare. Ɗarin can ba irin na Sokode ba ne. Ƙasar Mobawa fili ce, itatuwa jefi-jefi, iska tana zuwa kai tsaye ba abin da ya tare ta, tana shiga ƙashi. Mai masaukina, abokin cinikin Kawu, ya tarbe ni da tausayi. Ya sa ni a ɗakin samari, mu huɗu da wani ƙaramin yaro. Don karamci ya sa aka kawo kurfoti cike da garwashi jajir, ba hayaƙi ko kaɗan. Aka ja ƙofar langa-langa, aka cusa tsumma a ƙarƙashinta. Tagar dama tun farkon sanyi an like ta da kwali. Na ji ɗumi ya ratsa ni, na yi hamdala, barci ya kwashe ni.

Amai ne ya tashe ni, na yaron nan. Na buɗe ido na ji kaina kamar ana sara shi da gatari, zuciya na bugawa fat-fat. Na yunƙura in tashi, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Na kira na kusa da ni, ya amsa da wani gurnani. Abin mamaki, ban ji tsoro ba, abin da raina ke so kawai in koma in kwanta. Da rarrafe na kai ƙofa, na yi ta dukanta da goshi da hannu har uwargidan, wadda ta fito ɗora ruwan zafi, ta ji ta ɓalle ta. Aka jawo mu tsakar gida ɗaya bayan ɗaya kamar buhuna. Nan take gida ya rabu biyu, masu cewa iska ce ta shafe mu, da masu cewa a binciki tuwon daren jiya. Wata tsohuwa ta taho da manja za ta ɗura wa wanda bai farfaɗo ba. Sai da aka kai mu asibiti ma'aikacin jinya ya yi tambaya ɗaya tak: "Da wuta kuka kwana a ɗaki?"

Gawayi in yana ci a inda iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Mutanenmu suna tsoron hayaƙi, shi ya sa ake barin gawayi a waje ya gama hayaƙinsa sannan a shigo da shi, a ce ai yanzu ya zama lafiyayye. Garwashin nan ja mai kyan gani yana nan yana aikinsa shiru. Gubar tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau fiye da 200, sai jini ya yi ta zagaya jiki ba ya ɗauke da abin da ƙwaƙwalwa da zuciya ke bukata. Farkonta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, daga nan rikicewa, daga nan barcin da ba a tashi. Wanda ta samu yana barci sau da yawa ba ya ma farkawa ya ji ciwon kan. Jarirai, masu ciki, tsofaffi da masu ciwon zuciya su ke fara faɗuwa. Janareto da aka tayar a cikin shago, ko a baranda kusa da taga, ita ma wannan gubar take fitarwa. Sau nawa muka ji an wayi gari an tarar da iyali guda sun mutu a ɗaki, aka ce sammu ne ko guba a abinci, aka yi ta zargin kishiya ko maƙwabci?

In mutum biyu ko uku a ɗaki guda suka tashi da ciwon kai lokaci ɗaya, ga wuta ko inji a kusa, kada a tsaya neman mai ruƙiyya tukuna. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa sarari, a garzaya asibiti ko da sun ce sun warware, domin oksijin ne maganin. Wanda ya suma a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa manja ko nono ko ruwa, zai iya shaƙewa. Hanyar tsira kuwa mai sauƙi ce: a ji ɗumi a waje, a kashe wuta, a shiga ɗaki da bargo. Kuɗin gawayin wata guda ya sayi rigar sanyi da safa a gwanjo. Mai jego da jaririnta, waɗanda al'ada ta ce a gasa musu ɗaki, su suka fi kowa bukatar a bar musu kafar iska.

Toshe ɗakin nan yana da wata illar da ba ta nuna kanta a daren. Ana ce wa sanƙarau ciwon zafi, don ya fi ƙamari a Maris da Afrilu, amma tun cikin hunturu yake shimfiɗa tabarmarsa. Ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaron mutane da dama masu lafiya garau, ba su ma sani ba. Danshin iska a yankin Dapango kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a tsakiyar hunturu, hanci da maƙogwaro su bushe su tsattsage, ƙura ta ƙara kankare su, ƙwayar ta samu ƙofar shiga jini. Sai kuma mu taru mu goma a ɗaki ɗaya, ba taga, wannan na tari wancan na atishawa. Arewacin Togo yana cikin zirin sanƙarau na Afirka, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kwantar da mutane fiye da 250,000 a zirin, ta kashe kimanin 25,000, Kano da maƙwabtanta ba su manta ba. Allurar MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso, Mali da Nijar a ƙarshen 2010, ta iso Togo a 2014, ta karya lagon nau'in A. Amma cutar 'yan uwa gare ta. A 2016 nau'in W ya ɓulla a Dankpen cikin yankin Kara ya bazu a arewa, ya kashe fiye da mutum ɗari. A 2017 nau'in C ya yi ɓarna a Zamfara, Sakkwato da Katsina. Saboda haka wanda ya ce "ai an taɓa yi mini" ya sake miƙa hannu in masu allura sun dawo. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar a tashi ɗaya.

Zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare, amai, ƙin haske, sambatu: wannan ba na jiƙo ba ne, ba kuma na "bari mu gani zuwa gobe" ba. Yana iya kisa cikin kwana ɗaya. Jariri ba zai ce wuyansa na ciwo ba, sai dai ya ƙi nono, ya yi ta kuka mai ƙara ko ya yi laƙwas, maɗigarsa ta kumbura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum shida da irin wannan sanƙarau ya kama, ɗaya na mutuwa, kuma ɗaya cikin biyar na tashi da tabo kamar kurumta ko farfaɗiya. Abin da ke raba mai rai da gawa sau da yawa sa'o'in da aka ɓata ne kafin allurar farko.

Sai gobara. A hunturu komai ashana ne: zana, bunu, tarin auduga da ke jiran mota a ƙauyukan yankin Savanes da ke kewaye da Dapango, katakon rumfar kasuwa. A watan Janairun 2013 babbar kasuwar Kara ta ƙone, kwana biyu a tsakani ta Lome ta bi sahu. An sha jayayya kan wanda ya sa wutar, har da kame 'yan adawa, amma 'yan kasuwar da suka wayi gari a kan toka sun ga yadda wuta ke gudu a wannan wata. A gidajenmu abin da ke jawo ta sananne ne: kyandir a kan akwati, maganin sauro mai hayaƙi kusa da katifa, abin dafa ruwa na lantarki da aka manta a bokiti aka ɗauke wuta aka dawo da ita, kwalaben fetur na sayarwa da ake kwana da su a ɗaki, yara masu jin ɗumi da riga mai santsi wadda ke narkewa ta manne a fata. Wanda ya ƙone a zuba masa ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, a bar ƙwai da man goge baki da tawada. Lambar 'yan kwana-kwana a Togo 118 ce. Mafarauta masu cinna wa daji wuta don gafiya ɗaya kuwa, hayaƙinsu na cikin abin da ya jefa mu rami a daren nan.

Sauran ƙananan abubuwa kowa ya san su, aikatawa ce ke wuya. Man kaɗanya ga ƙafa da leɓe kafin faso ya buɗe. A sha ruwa ko ba a jin ƙishi. Mai asma kada ya rabu da abin shaƙarsa, ya rufe hanci da takunkumi ko amawali, a yayyafa ruwa kafin shara. Mai sikila a lulluɓe shi da kyau, a yi masa wanka da ruwan ɗumi da rana tsaka. In haɓo ya zo a sunkuyar da kai gaba a matse hanci, ba a ɗaga shi sama. Yaron da ke numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, ya wuce mura, asibiti za a nufa. Kuma tun da hare-haren 'yan bindiga suka taso a Kpendjal aka kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes a watan Yunin 2022, Dapango ta cika da mutanen da suka baro ƙauyukansu da abin da ke jikinsu kawai. Su da almajiran da ke kwana a zaure, tsohon bargon da ke ƙasan akwatinka ya fi musu kurfoti.

Kwana huɗu na yi kafin ciwon kan ya sake ni. Yaron nan ya fi mu daɗewa a gado, amma ya tashi. Da zan koma na ƙi motar dare, na bi ta safe, muka jira har hantsi ya ɗaga hazo ya ɗan yi sama. Goron kuwa ya sha iska a ramin da muka faɗa, da ƙyar aka mayar da uwar kuɗi. Na zayyana wa Kawu komai ina jiran faɗa. Ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya zuba a aljihu, bai ce komai a kan asarar ba. Inna ce ta yi ta tafa hannu tana salati. Bayan isha ina kwance a zaure na ji motsi, na leƙa. Kawu ne ya fito daga turakarsa riƙe da kurfoti da tsumma a hannu biyu, ya ajiye shi a tsakar gida ya kwara masa ruwan buta, sannan ya koma ya ɓamɓare kwalin da ke tagarsa.